Karatun Bayan Danga

"Ki tambayi waccan," in ji Inusa, bai ko ɗaga kai daga takardun da ke kan cinyarsa ba, "dommi wanda yab bada shi ka zama pulus, wanda ya amsa kuma shi zama muwan."

Pulus da muwan, wato alamar tarawa da ta ɗebewa a Faransanci, su ne suka hana shi sakat. Matarsa Hindu ta ajiye faifan waken da take tsincewa, ta kakkaɓe zani, ta zaga dangar karan da ta raba rumfar maigida da sauran tsakar gida. Tun da hantsi take wannan zirga-zirga har ta daina ƙirgawa. A gindin bishiyar dogon yaro 'yarsu Fauziyya tana wankin kayan lakwal, wato na makaranta, kumfa har gwiwar hannu.

"Kin dai ji babanki," in ji Hindu.

Ai kuwa ta ji. Dangar nan ko tari aka yi a gefe guda sai an ji a ɗayan. Fauziyya ta ɗaga murya kaɗan, tana kallon uwarta kamar da ita take: "Ki ce mai abin da yab bada ɗin, shi kanai muwan na. In an ɗebe muwan, sai pulus shi rinjaya."

Hindu ta sake zagawa, ta tsaya a kan mijinta. "Tac ce wanda yab bada shi ka rinjaya."

"Ba haka tac ce ba."

"To, tunda ka ji da kunnenka, mi kaka wahal da ƙahwata?"

Inusa ya mayar da idonsa kan takardunsa. Fauziyya ita ce 'yarsa ta fari, kuma a ƙauyensu na wajen Illela namiji ba ya sakin fuska da ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Haka ubansa ya yi da yayansa, haka shi ma ya tashi ya ɗauka, ya zo da abinsa har Malbaza. Hindu ma ta yi tata kunyar da farko, har ranar da ƙyanda ta kama yarinyar, ta saɓe ta ta ruga asibiti tana kiran sunanta a gaban kowa, kuma tun daga ranar ba ta koma ga kunyar ba. Shi kuwa yana nan a kan bakansa. Yarinya ta girma har ta shiga lise, babbar sakandare, amma a bakinsa ba ta wuce "waccan" ba. Kuma kada a ce ba ya son ta. Duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake ji a ransa kamarta, duk lokacin da sakamakon lakwal ya fito sai ya sa Hindu ta maimaita masa sau biyu, yana yi kamar rediyo yake saurare.

Yau dai kunyar ta zo masa a mummunan lokaci. Tun yana saurayi yake aiki a masana'antar siminti, a wajen da ake loda buhuna, har bayansa ya ce ya gaji. Likita a Ƙonni ya duba hoton ƙashin ya gaya masa gaskiya: in ya ci gaba da ɗaukar nauyi, wata rana sai dai a ɗauke shi. Shugabannin aiki sun yi masa adalci gwargwado. Ana neman mai taimako a labo, ɗakin gwaje-gwajen masana'antar, wanda zai riƙa ɗebo samfurin dutse da gari, yana wanke kwalabe yana aunawa, aikin da ba ya son ƙarfin baya. Amma sai an yi jarrabawa, kuma yau Asabar ne bayan azahar. In ya ci, ya zauna. In ya faɗi, sai a sallame shi da mutunci ya koma ƙauye, ya riƙe hauya da bayan da ko takalmi ba ya sunkuyawa ya ɗauka sai da dabara.

An ba su 'yan shafuka na shimi, wato ilimin sinadarai, su duba. Inusa, wanda ya bar lakwal tun a ajin farko na kwaleji, ya kama su yadda ya san ana kama karatu: ya haddace su tas, kamar yadda ya haddace allonsa yana yaro. In ka tashe shi daga barci zai zuba maka ma'anar atom da iyon cikin Faransanci ba tuntuɓe. Jiya ne wani abokin aikinsa ya ɓata masa lissafi, ya ce shugabar labon ba ta son karatun aku, sai ta juya tambaya ta ga ko mutum ya gane. Da Inusa ya juya wa kansa tambayar, sai ya tarar babu komai a ƙarƙashin haddar. A duniyar da ya sani, wanda ya bayar shi ke raguwa, wanda ya karɓa shi ke ƙaruwa. Takarda kuwa ta ce akasin haka, kuma ba ta ce don me ba.

"Koma ki ce mata..."

"Ba ni komawa," in ji Hindu. "Rana ta yi, ban ɗora tukunya ba, manja ma babu. Zuwa da kai ya hi aike, Malam." Ta yafa mayafi, ta ɗauki kwalba, ta kora ƙananan yaran gaba ta fice. Da gangan ta yi, shi ma ya san da gangan ne.

Gidan ya yi tsit. Daga can nesa ana jin ƙugin manyan motocin da ke layin lodi. Inusa ya ji an daina cuɗa wanki, ya ji an ja faifai a ƙasa, sannan ya ji muryar yarinyar, tana magana a hankali da akuyar da ke ɗaure a turke.

"Ke akuya, matso in gwada miki, tunda ke ba ki da aikin yi. Kin ga tsakuwag ga? Su ap pulus, suna can tsakiyar atom, ba su motsawa. Waken ga kuma su am muwan, su aka ce ma elektaron, su ka kewaye waje."

Akuya ta miƙa wuya wajen waken, aka buge mata baki. Inusa ya matsa da kujerarsa jikin danga, ya sa ido a wata kafa tsakanin kara biyu, yana jin haushin kansa, babban mutum da gemu yana leƙe a cikin gidansa. Bai hango komai ba sai bayan yarinyar da gefen faifai.

"Wanga sunanai sodiyom. Tsakuwa sha ɗaya, wake sha ɗaya. Kowace tsakuwa da waken da ka tsaye mata. Kin ga babu wanda yah hi wani. To, yanzu duba abin da za ni yi."

Ta yi wani abu da hannu wanda bai gani ba. Ya karkata hagu, ya karkata dama, bayansa ya soke shi, maganar ta kuɓuce masa kafin ya kama ta.

"Mi kinka ɗauke?"

Tambayar ta tafi kai tsaye, babu Hindu a tsakani, babu akuya. Fauziyya ta ji shi sarai. Ba ta waiwayo ba.

"Baba, sai ka zagayo. Ba a ganinai daga nan."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Inusa ya dafa gwiwa ya miƙe, ya zaga dangar nan da ya kafa da hannunsa, yana jin kunnuwansa suna zafi. Yarinyar ta riga ta janyo masa kujerar tsugunno, ta koma gefe ta durƙusa, idonta a ƙasa. Ya zauna a karkace saboda bayan, shi ma idonsa a ƙasa, Allah ya taimake su abin kallon a ƙasan yake. Ta jera tsakuwa a layi, ta jera wake a gabansu, ɗaya na fuskantar ɗaya. A ƙarshen layin tsakuwa guda tana zaune ita kaɗai, waken nata yana tafin hannun Fauziyya.

"Wanga ɗai nid ɗauke. Tsakuwa ko guda ban ƙara ba."

Ya daɗe yana kallo. Ya ƙirga da yatsa, ya sake ƙirgawa. Sai ya ji wani abu ya warware a kansa, har ya saki numfashi.

"Mangala ta," ya ce.

"Na'am, Baba?"

"Mangalar jaki. In ka loda taki daidai wa daida, tana zaune lahiya bisa bayanai. In ka kwashe kaɗan daga hannun hagu, sai ta rinjaya dama. Ba ka ƙara ma dama komi ba, hagu ta ta rage."

"Shi ke nan," in ji Fauziyya, murna ta sa ta manta ta ɗago ta dube shi. "Wallahi shi ke nan, Baba. Wanda yar rinjaya ɗin nan shi aka ce ma iyon. Mushen mu, malamin shimi, ma bai hwaɗe shi haka ba."

Bai saba jin yabo daga wannan bakin ba, sai ya yi gyaran murya ya nemi wata tambayar ya ɓuya a bayanta. Me ya sa sodiyom ɗin zai bayar tun farko, wa ya roƙe shi? Ta tashi ta ɗauko albasa a madafa, ta tsaga ta biyu ta nuna masa zobe-zoben ciki. Haka waken suke zama, ta ce, hawa-hawa: biyu a ciki, takwas a bayansu, shi kuma sodiyom sai guda ɗaya tak ya rage masa a hawan waje, yana reto. Atom ba ya samun natsuwa sai hawansa na waje ya cika, kuma yar da guda ya fi masa sauƙi a kan neman bakwai. Sannan ta share wani wuri ta jera na biyu, mai suna kulor, shi kuma bakwai gare shi a waje, guda yake nema ido rufe. Ta miƙa wa uban ƙwayar waken.

"Ba shi, Baba."

Ya ajiye ta a layin kulor. Wake ya fi tsakuwa da ɗaya.

"Wanga ya rinjaya muwan," ya ce, ba tambaya yake ba.

"Awo. To, pulus da muwan ba su ganin juna su ƙyale, sai sun manne, kamar kan batir da gindin wani cikin tocila, kowa da inda shika nema. Sun riƙe juna ke nan. Shi ag gishiri."

"Wane gishiri?"

"Na miya."

Nan Inusa ya yi dariya, irin wadda rabon da ya yi ta tun kafin ciwon baya. Ta gaya masa sodiyom shi kaɗai in ya taɓa ruwa wuta yake kamawa, kulor kuma shi ne warin nan mai shaƙe mutum na ruwan jabel da ake faranta tufafi da shi, amma da guda ya ba guda sai ga su a tukunyar Hindu. Ya girgiza kai yana tasbihi. Shekara da shekaru yana lasar abin nan bai san da wannan sulhu a cikinsa ba.

Daga nan tambayoyi suka ɓalle masa kamar an buɗe wa tumaki garke. In duka biyun nema suke fa, babu mai bayarwa? Ta nuna masa katangar da ke tsakaninsu da gidan Labbo makwabcinsu: tasu ce, ta su Labbo ce, kowa yana ƙirga ta a cikin gidansa. Haka atom biyu suke haɗa elektaron su yi tarayya, kuma irin wannan riƙon ne ya haɗa ruwan da ke cikin bahon wankinta. Wani wurin ya gane nan take, wani wurin sai ta maimaita, sau ɗaya ma ta yi kuskure ta dawo ta gyara tana jin kunya. Lokacin da Hindu ta dawo da manjanta, ta tarar da uba da 'ya sun sa kai wuri guda, akuya kuma ta cinye rabin kulor. Ta bi ta bayansu a hankali ta shige madafa.

Bayan azahar ya sa rigarsa ta Juma'a ya kama hanyar masana'anta. Rana tana dukan ƙeya, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu suna jiran layi, wasu da suka san shi suna tsokanarsa wai yau ango ya fito. Ya amsa musu da hannu kawai. A ƙofar labo ya tarar da sauran masu nema, samari ne, duk ya haife su, suna ta zuba Faransanci a tsakaninsu.

Rubutun bai yi masa daɗi ba. Hannun da ya saba da kunnen buhu ya riƙe biro kamar zai karya shi, kalmomin da ke zaune daram a bakinsa suka ƙi zama a takarda, lokaci ya ƙare ya bar tambaya guda ba amsa. Da aka fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ya riga ya fara tunanin wa zai ba shi aron amalanke ya kwashe kayansa zuwa tasha.

Madam Aïssata, shugabar labon, Bazabarma ce daga Dosso, gajeriya mai farin gilashi, Hausarta ta zaman aiki ce amma tana fita sarai. Takardarsa tana gabanta, ta sha jan biro. Ta tambaye shi mene ne iyon, ya buɗe baki hadda ta zubo, tun bai kai rabi ba ta ɗaga hannu.

"Wannan na takarda ne, ni na rubuta shi, na san shi. Bari in tambaye ka wanda babu a ciki." Ta ɗauki wani farin dutse a kan teburin, irin wanda ake fasowa a bayan gari, ta ajiye a gabansa. "Abin da muke nema a nan sunansa kalsiyom. Yana da elektaron biyu a hawan waje. Me zai yi da su, kuma me zai zama?"

Inusa bai taɓa jin an yi wannan tambayar ba. Ya dubi dutsen, ƙurarsa ce yake kakkaɓewa daga gashinsa kowace yamma. Ya rufe ido, ya ga layin tsakuwa da wake a ƙasar tsakar gidansa.

"Bada su za shi yi, Madam. Neman shida ya yi mai nisa."

"Sannan?"

"Sannan shi rinjaya pulus." Bai san lokacin da ya sauke kafaɗarsa ta dama ba, kamar jakin da kaya ya karkace masa. "Amma ba kamar sodiyom ba. Shi har biyu."

Madam ta cire gilashi. "In ya haɗu da kulor fa, nawa zai riƙe?"

"Kulor guda ɗai shika amsa. Sai an kawo mai biyu."

"Me ya sa kake karkata haka?"

Ya gaya mata zancen mangala, yana jiran ta yi masa dariya. Ta yi dariyar kuwa, amma ba irin wadda yake tsoro ba, har ta ce kakanta ma da jakai yake fatauci. Ta ƙara masa tambaya biyu, ya ci ɗaya, ɗayar ya ce bai sani ba, ta ce gara haka da ƙarya, don a labo mai ƙarya ya fi mai jahilci ɓarna.

"Wa ya koya maka?"

Ya dube ta. "Ɗiyata ta. Ta hwari."

Bai taɓa faɗin haka ga baƙo ba, sai ya ji maganar ta fita ba ta ƙone masa harshe ba.

Madam ta juya takardarsa ta kife. "Rubutunka ba shi da kyau, Inusa, ba zan ɓoye maka ba. Amma rubutu ana gyara shi. Zan ɗauke ka gwaji na wata guda, daga Litinin. In ka riƙe, ka zauna." Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani littafi mai kauri da aka ɗinke da zare, ta tura masa. "Kafin watan ya ƙare ina son ka san abin da ke cikin wannan. Ba hadda ba."

Ya karɓa da hannu biyu. A waje ya buɗe shafin farko, ya ga alamu da lambobi sun yi cincirindo, bai gane komai ba sai kalsiyom da ya hango a wani lungu, ya ji kamar ya ga ɗan garinsu a tashar Yamai. Abin mamaki, kaurin littafin bai tsorata shi ba. Daɗi ma ya ji, ya kuma san dalilin daɗin, ko da yake ba zai faɗa wa kowa ba.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya yi sallama a gida. Hindu ta taso da sauri tana duban fuskarsa, Fauziyya tana kwashe shanya daga igiya, ta tsaya cak da riga a hannu, ba ta juyo ba.

"Sun ɗauke ni gwaji," ya ce wa Hindu. Ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Ya buɗe baki ya ci gaba yadda ya saba: "Ki ce ma..." Sai ya tsaya. Ya janyo tabarma ya shimfiɗa a tsakar gida, ya zauna a hankali yana dafe da ƙugu, ya ajiye littafin a gefensa, ya bar wuri.

"Ke, aje kayan nan ki zo. Sun ƙaro muna karatu."

Fauziyya ta zo ta zauna a bakin tabarmar. Ta buɗe littafin, ta juya shafi, ta sake juyawa, goshinta ya tattare.

"Baba, wanga ko mu ba a kai mu nan ba tukuna."

"To, madalla," in ji Inusa, ya gyara zama ya matso da littafin tsakiyarsu. "Sai mu hwara tun daga hwarko."